Kwamfutocin Hajiya Kulu Masu Suna Ɗaya

Jiya na ji ɗayanku yana faɗa wa abokinsa a bakin shagon nan wai aikinmu ba komai ba ne: ka sayo rauta, 'yar na'urar nan mai raba intanet, ka soka ta a wuta, ka jira koriyar fitila, shi ke nan ka zama injiniya. Ban tanka ba saboda bakina cike yake da gyaɗa. Yau na haɗiye, sai ku gyara zama.

Ni ne Labbo, a nan Gummi aka yanke mini cibiya. Furfurar nan da kuke gani rabinta shekaru ne, rabinta dattin silin ɗin mutane. Sana'ata ita ce haɗa kwamfutoci su yi magana da juna. Kowace kwamfuta, kowace waya, kowace firinta, da lambarta take zuwa duniya, tun daga masana'anta aka buga mata, ita ake kira lambar MAC. Haka aka koya mana, ba a yin biyu iri ɗaya. Idan na'ura ta shigo, sai ta yi sallama ta faɗi lambarta, babbar kwamfutar da muke kira saba ta duba, ta ba ta adireshin da za a riƙa samunta. Kamar sarkin kasuwa ne: baƙo ya zo, a nuna masa duk inda babu kowa ya baza kayansa, amma mai rumfa ko da yamma ya iso rumfarsa na nan tana jiransa. Nawa aikin shi ne in koya wa sabar ta bambanta mai rumfa da baƙo.

A Gusau na koyi aikin, wurin Oga Mani, zamanin da ake bin layi a shagon intanet don a aika saƙo guda. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni in taɓa allon rubutu. Filayar matse kan waya ya fara miƙo mini, da reza, da wata 'yar na'urar gwaji mai jerin fitilu, da tsani. Cikin kebul akwai sirara-siraran wayoyi masu launi, kowace da mazauninta. In na jera na matse na kawo masa, ba ya ko kallona, sai ya soka a na'urar gwaji. Fitila ɗaya ta tsallake, ya sa almakashi ya datse kan, ya miƙo mini sauran. Kebul ɗin da aka yanko don ya kai ƙarshen shago, kafin in iya, ya koma bai isa a ɗaure akuya ba.

Da ya yarda na iya wannan, sai ya koya mini rubuta wa saba umarni. Layi ne bayan layi: sunan na'ura, lambarta, adireshinta, a rufe da waƙafi mai ɗigo a ka. Oga Mani yana da wata muguwar ɗabi'a. Sai shago ya cika maƙil, ya lallaɓa ya goge waƙafi guda a tsakiyar rubutun, ya sake tayar da sabar, ta ƙi tashi, ya ɗauki hularsa ya tafi shan rake. Mutane na ihu lokacinsu na ƙonewa, ni ina bin layi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In ya dawo ya tarar na gano, ba ya yabo. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Wagga aba ba ta da mugunta, Labbo. Abin da anka hwaɗa mata shi taka yi. Mutane ad da mugunta." Yana faɗa yana tofar da ɓawon rake.

Wani aiki da na yi a Anka, gidan Alhaji Nomau mai sayen zinariya wurin masu haƙa, shi ya nuna mini cewa na'ura ba ta kai mai ita wuyar sha'ani ba. Alhaji ya sa intanet mai ƙarfi a gida, amma duk wanda ya yabi motarsa sai ya faɗa masa lambar sirri. Kafin wani lokaci bangon gidansa ya zama tasha. 'Yan kabu-kabu sun jera babura a inuwa suna kallon ƙwallo, mai shayi ya dawo da teburinsa wurin, Alhaji kuwa a cikin falo ko farashin zinariya ba ya iya buɗewa. Na zo na ɗauki lambar kowace waya ta gidan, na faɗa wa sabar cewa duk wanda ba ta san lambarsa ba, kada ta ba shi ko wurin tsugunawa. Bango ya watse. Mai shayi har yau ba ya amsa gaisuwata.

Bayan 'yan watanni Alhaji ya kira ni, ya ce in zo maza. Na hau mota na tafi Anka. Na same shi a tsakar gida, ya ɗaga sabuwar waya sama kamar mai roƙon ruwa.

"Labbo, gidan wa na nan?"

"Gidanka ne, Alhaji."

"To ƙaƙa anka yi direbana na ciki, mai dahwa abinci na ciki, ni an hidda ni waje? Ita da anka ce ma saba, mi ya hana ta saba da ni?"

Na karɓi wayar na duba. Irin na zamani ce, masu ɓoye lambarsu ta ainihi su ƙirƙiro wata don kada a bi sawunsu. Na yi masa bayani, na nuna masa wurin da ake kashe wannan wayon, na ce aikin minti ɗaya ne. Ya jujjuya wayar a hannunsa.

"Kana nuhin sunan ƙarya taka ba mutane?"

"Don tsaro ne, Alhaji."

"Abin da ka ɓoye sunanai ba shi kwana ɗakina."

A gabana ya miƙa wa direba ita kyauta, ya sa aka lalubo masa tsohuwar mai fasasshen gilashi. Direban ya rako ni har tasha yana sa mini albarka.

Shekarar da aka kashe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro, ita ce ta tace sana'ar. Ku kuna yara, abin da kuka riƙe shi ne manya suna shiga mota su nufi wata jiha don kawai su ce "lafiya lau muke" su dawo. Mu kuwa aiki ya tsaya cak. Akwai wani ɗan asibitin kuɗi a Bukkuyum da na haɗa musu kwamfutoci, na leƙa su a lokacin. Sabar tana nan a lungu tana ta aikinta, duk wanda ya kunna kwamfuta ta ba shi adireshi, kowa da rumfarsa, amma babu hanyar fita gari. Ita kaɗai ce a jihar ba ta ji labari ba. Na dawo gida na bi yayana fadama noman shinkafa. Kebul sabo fil da na sayo domin wani ofis, a gona ya ƙare. Mun ja shi daga wannan kunya zuwa waccan, muka rataya masa gwangwanaye muna korar tsuntsayen jan-baki. Yayana ya ce tun da na fara wannan sana'a, ranar ce ya fara ganin amfaninta. Abokan aikina da yawa ba su dawo ba. Wani ya koma sayar da albasa, wani ya bi masu haƙar zinariya.

Aikin da nake so ku ji da kyau ya zo ne bayan an maido da layuka. Hajiya Kulu tsohuwar shugabar makaranta ce, ta yi ritaya ta buɗe tata. Rabin garin nan sun sha bulalarta, har da ni. A lokacin, yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, sai ya yi tafiya mai nisa, hanya kuwa kun san yadda take. Iyaye da yawa sukan ce gara yaro ya rasa shekara da a rasa yaro. Hajiya ta ce ba za ta ci gaba da koyar da 'ya'yan mutane su ƙare a bakin tasha ba. Ta gina babban ɗakin jarrabawa, ta cika shi da kwamfutoci na hannu, ta aiko a kira ni.

Sharaɗin masu jarrabawa shi ne kowace kujera da kwamfutarta, kowace kwamfuta da adireshinta da ba ya canzawa, don in an ce ɗalibin kujera kaza, a san inda yake. Sai sun turo masu dubawa sun gani da ido kafin su amince. Na yi makonni ina wannan aikin, na bi kowace kwamfuta na ɗauki lambarta, na rubuta wa sabar, na gwada, komai ya zauna. Saura 'yan kwanaki masu dubawa su zo, hadari ya taso daga gabas. Tsawa ta sauka kusa da makarantar, ta bi kebul ta shiga ɗakin, ta ƙone wurin soka waya na fiye da rabin kwamfutocin. Suna kunnuwa, suna nuna hoto, amma sun kurmance.

Maganin shi ne a sayo wasu 'yan ƙananan na'urori kamar yatsa, a soka a gefen kwamfuta, a soka kebul a jikinsu. Hajiya tana da ƙane, Bawa, wanda babu abin da bai taɓa sayarwa ba, daga gishiri har rigar waya. Ya ce shi zai je Kano. Na nuna masa irin da zai sayo, na maimaita masa. Motarsu ta lalace a hanyar dawowa, bai iso ba sai da hantsin ranar da masu dubawa za su zo, da kwali a ka, yana murmushi.

"Na samo wadda ta hi taka, Labbo. Ga araha, ga hitila shuɗiya."

Na soka ta farko, ta kama. Na soka ta biyu, ta kama, ta farko ta faɗi. Na soka ta uku, biyun suka fara kokawa. Na duba lambar ta farko, na duba ta biyu, na goge tabarau na sake dubawa. Na zazzage kwalin ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙera su, ko don ƙyuya ko don sauri, lamba guda ya buga wa dukkansu. Saba na ganin mutum ɗaya yana shigowa ta kowace ƙofa yana sallama, ita kuma tana nuna masa rumfa ɗaya.

Na san abin da ke bakinku: ai sai ka bar sabar, ka rubuta wa kowace adireshi da hannu. Ba ya yi. Akwatin da ke rarraba saƙo tsakanin kebul-kebul shi ma da lambar jiki yake gane mutane. In lamba ɗaya ce, amsar ɗalibin gaba sai ta faɗa wa na baya.

Na sami Hajiya a ofis tana gyara mayafi.

"Hajiya, akwai magana."

"Mutuwa anka yi?"

"A'a. Kayan da Bawa ya kawo, duk sunansu ɗaya."

Bawa da ke bayana ya ce, "To mi na na laihi, Yaya? Gidanmu Muhammadu nawa ad akwai?"

"Shi ya sa in anka ce Muhammadu ga tuwo duk ku taso, in anka ce Muhammadu ga aiki kowa shi ce ba da shi aka ba." Ta juyo gare ni. "Akwai magani?"

Na ce akwai. A cikin kowace kwamfuta akwai wani lungu da ake iya rufe lambar masana'anta a rubuta wata. Sai a bi su ɗaya-ɗaya a raɗa wa kowace sabuwa, sannan a sake rubuta wa sabar duka. Ta ce zuwa yaushe. Na ce in an ba ni hannu, zuwa la'asar. A daidai nan muka ji ƙarar motar masu dubawa a bakin ƙofa. Kuma mun sani, in baƙin nan suka juya ba su ga aiki ba, sai baɗi.

Hajiya ta miƙe. "Na riƙe ɗiyan mutane cikin aji shekara da shekaru babu wanda yam motsa. Waɗanga ba su gagarata. Kai dai yi aikinka."

Ta ba ni Malama Asabe mai koyar da buga rubutu, wadda yatsunta suka fi idona sauri, da limamin makaranta saboda muryarsa na kai wa ƙarshen ɗaki. Ni ina bin kwamfutoci ina sauya lamba, liman yana karanta ta da ƙarfi kamar mai jan baƙi, Malama Asabe tana zuba wa sabar. Bawa kuwa aka sa shi rarrafe ƙarƙashin tebura yana soka kebul, da babbar rigarsa ta zuwa Kano.

Ta taga muna jin abin da ke gudana. An fara da waƙar maraba. Aka yi fareti. Aka yi muhawara tsakanin maza da mata a kan noma da kiwo wanne ya fi, aka roƙi shugaban baƙin ya yi alƙalanci. Shugaban nan wani dattijo ne siriri mai tabarau, yana ta duba agogo. Hajiya ta zagaya da su suka ga rijiya, suka ga lambun makaranta, suka ga makewayin maza da na mata, har da bayanin wanda ya haƙa. Aka kira azahar, liman ya fita ya ja salla, na lura bai taɓa natsuwa a sujada irin ta ranar ba.

Da aka sallame na ji dattijon yana cewa, "Hajiya, hanya fa. Muna so mu wuce tun da sauran rana."

"Ranka shi daɗe, wanda bai ci kihin Gummi ba, cewa za a yi bai zo ba. Kunyata kaka so a ji?"

Aka shigo da tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa da aka kamo da safe. Aka biyo da fura da nono mai sanyi. Ƙamshi na shigo mana ta taga, cikin Bawa na kuka a ƙarƙashin tebur. Saura layi guda na kwamfutoci Hajiya ta ga kwanuka sun koma wayam, sai ta fito da makaminta na ƙarshe: ta miƙe za ta ba da tarihin makarantar, ta faro daga ranar da aka sa ta firamare. Tana aji uku na leƙa ta taga na ɗaga mata hula. Nan take ta ce, "Sauran kun sani," ta nuna musu ƙofa.

Tuwon bai kashe wa dattijon ido ba. Ya sa aka kunna duka. Ya zaɓi kujera a tsakiya ya zare kebul ya mayar, adireshinta ya dawo. Ya sa aka kashe layi guda aka sake kunnawa, kowace ta koma mazauninta. Ya zauna gaban sabar yana bin rubutun a hankali, can ya ɗago.

"Waɗannan lambobin a jere suke kamar 'yan fareti. Masana'anta ba ta yin haka. Wa ya raɗa musu?"

Na matso kusa da shi. Na ce ni ne, na kwashe labarin tsawa da kwalin Bawa na faɗa masa. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce ya taɓa cin karo da irin kayan nan, kuma muddin kowace da tata lambar, aiki ya yi, amma a canza su da na kirki kafin ranar jarrabawa. Sannan ya dubi Hajiya.

"Hajiya, da kin faɗa mini tun da safe, da na zauna a inuwa na jira, ba sai an kai ni makewayi ba. Kifin dai ban yi da-na-sani ba."

Ya sa hannu, suka kama hanya rana na da saura.

Ranar jarrabawa yara da ƙafa suka zo daga gidajensu, wasu daga ƙauyuka a bayan babur. Iyaye mata sun cika gindin bishiyar ƙofar makaranta. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko da gaske an gama, don ita ta ɗaura wa jikarta guzurin kwana biyu, ga yarinya ta fito tun abincin rana bai nuna ba.

Bayan an watse ne liman ya tayar da magana a ofis, fuskarsa babu alamar wasa. Ya ce shi fa da bakinsa ya yi shelar sunayen nan, kuma bai taɓa ganin inda aka raɗa suna ba a yanka ba. Hajiya ta ce gaskiya ne, kuma yanka a kan uba yake, uban kuwa shi ne wanda ya ɗauko su a ka tun daga Kano. Bawa ya fara rantse-rantse. Liman ya ce a ƙa'ida ma kowane jariri da ragonsa, amma tun da haihuwa ɗaya ce, an yi masa rangwame ya kawo guda.

Ranar kasuwa sai ga Bawa ya jawo dabba da igiya, yana cewa ya samo da araha, irin ragon da ba a samu sai an tona. Mahauci ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa, ya miƙe ya ce tunkiya ce.

Liman ya ce ta halatta. Hajiya ta harari ƙanenta, sannan ta ce wa mahauci, "Yi maza ka yanka, tun ba mu gano cewa akuya ta ba."